Augusta Victoria da Bashin da Ke Kan Jiragen Shaƙatawa

Ranar 22 ga Janairu, 1891, jirgin ruwa mai suna Augusta Victoria ya tashi daga Cuxhaven, garin da ke bakin kogin Elbe a arewacin Jamus, ɗauke da fasinjoji 241. Babu mai ƙaura a cikinsu, babu ɗan fatauci, babu mai zuwa neman aiki. Abin da suka biya kuɗi dominsa shi ne a zaga da su Bahar Rum a dawo da su inda aka ɗauke su. Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, ya zo da kansa ya duba jirgin kafin ya kama hanya. Sun yi kwana 57 suna yawo: Jibiralta, Genoa, Iskandariyya, Yafa, Beirut, Istanbul, Malta, Naples, Lisbon. Akwai 'yan badujala masu kiɗa, har da jaridar da ake bugawa a cikin jirgin. Kuɗin tikiti mafi araha ya haura abin da matsakaicin ma'aikacin Jamus na wancan zamani ke samu a shekara biyu.

Daga wannan tafiya ne masu sana'ar jiragen shaƙatawa ke son fara ƙirga tarihinsu, ko da yake Turawan Ingila na jayayya, suna cewa jirginsu Ceylon ya riga shi tun 1881. Yadda ake ba da labarin kuwa iri ɗaya ne a kullum: wai wani haziƙi, Albert Ballin, jami'i a kamfanin da ke da jirgin, ya hango abin da kowa bai hango ba, manyan kamfaninsa suka ɗauka ya zautu, ya nace, ya ci nasara. Ban musa ba, an yi haka. Inda na saɓa da masu wannan labari shi ne sun tsaya a benen sama, sun ƙi saukowa. Ni a ganina wannan sana'a, tun ranar da aka haife ta har yau, ba ta taɓa biyan cikakken kuɗin daɗin da take sayarwa ba. Kullum akwai wanda ke cika ragowar da guminsa ko da lafiyarsa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kuma tarihin shi wannan jirgi ya isa hujja.

Ba don yawon shaƙatawa aka ƙera Augusta Victoria ba. Kamfanin HAPAG na birnin Hamburg, wanda aka kafa a 1847, shi ya ba ma'aikatar Vulcan ta birnin Stettin kwangilar ƙera shi, don jigilar mutane da wasiƙu tsakanin Hamburg da New York. Ya fara wannan aiki a watan Mayu na 1889. Jirgin tururi ne mai bututun hayaƙi uku da farfela biyu, a lokacin da yawancin manyan jirage farfela ɗaya gare su, wadda in ta karye a tsakiyar teku sai addu'a da filafilai. An raɗa masa sunan matar sarki, sai dai an yi kuskuren harafi, sunanta Auguste ne, kuma ba a gyara ba sai 1897, lokacin da aka kai shi Belfast aka ƙara masa tsawo. Abin da ya fi damuna a cikin bayanan jirgin shi ne rabon wurin kwana: mutum 400 a ajin farko, 120 a aji na biyu, sai 580 a can ƙasa, inda ake zuba masu ƙaura.

Su waɗannan na ƙasan su ne asalin sana'ar Ballin. An haife shi a Hamburg a 1857, Bayahude ne, mahaifinsa na da ɗan ofishin sayar wa masu ƙaura tikiti. Uban ya rasu yana ɗan shekara 17, ya gaji ofishin. A 1881 ya haɗa kai da wani ƙaramin kamfani mai suna Carr, wanda ke kafa gadajen katako a cikin jiragen kaya, ya kwashi mutane zuwa Amurka a kan farashin da ya karya na manyan kamfanoni, in za a dawo a kwashe gadajen a loda kaya. Da HAPAG ta ga abin ya ishe ta, sai ta yi sulhu da kamfanin a 1886, ta ɗora Ballin a kan sashen fasinja. Wato mutumin da ake kira uban yawon shaƙatawa a teku, a kan talakawan Rasha da Folan da Hangari ya koyi lissafi. Ya san cewa mai ƙaura kuɗinsa kaɗan ne, amma ba ya cin wuri, ba ya buƙatar mai hidima, miya da burodi da kifin gishiri sun ishe shi, kuma ba ya ƙarewa. Mutum sama da miliyan biyar suka bar Turai ta tashar Hamburg daga 1850 zuwa shekarun 1930. Wannan kuɗi na ɗaiɗaikun talakawa, da aka tara, shi ya ba kamfanin ƙarfin ƙera jirage masu zinariya a rufin ɗakin cin abinci.

To me ya kawo yawon Bahar Rum? Hunturu ne. Daga Disamba zuwa Maris arewacin Tekun Atlantika ba wurin wasa ba ne, ga guguwa ga sanyi, kogin Elbe ma kan yi ƙanƙara. Masu hali ba sa tafiya a irin wannan lokaci, jirgi mai sauri kuwa in ya tashi ba cika ba asara ce tsagwaronta, saboda kwal ɗin da yake ci. In an ɗaure shi a tasha ma ba a tsira ba, tsatsa na ci, bashi na hauhawa. Sai Ballin ya tura jirgin ci-rani, kamar yadda manomi kan gangara kudu in an gama kaka, ya dawo da faɗuwar ruwan farko. Dabara ce ta ɗan kasuwa, kuma dabara ce mai kyau, ba na rage masa komai. Sai dai a lura: ko a shekarun da ya yi suna a yawon shaƙatawa, har da zuwa gaɓar Norway da bazara, babban aikinsa na nan daram, wato hanyar New York da mutanen ƙasan jirgi.

Fasinjojin 1891 sun ɗan taɓa wahala irin ta masu kuɗi. Yafa ba ta da tashar da babban jirgi zai jingina, sai an sauke mutum cikin kwale-kwale an ratsa da shi tsakanin duwatsu, layin dogo zuwa Ƙudus kuwa sai 1892 aka buɗe shi, don haka mai son ziyara sai ya sha jijjiga a keken doki. An rubuta wannan, an zana shi, an adana. Wahalar da ba a zana ba tana ƙarƙashin ƙafafunsu.

A sauka matakalar ƙarfe zuwa ɗakin wuta na irin waɗannan jirage. Babu taga. Hasken da ke akwai na bakin tanderu ne in an buɗe shi. Mutum tsirara daga ƙugu zuwa sama, tsumma ɗaure a wuya, shebur a hannu, zai buɗe murfi ya watsa kwal har can ƙurya, ya baza shi daidai don kada wani gefe ya mutu, ya rufe, ya matsa bakin na gaba. In dunƙulen toka ya toshe ƙasan wuta, sai ya zura dogon ƙarfe ya farfasa shi, ya jawo shi waje yana ja wur, a kwara masa ruwa, tururi da ƙura su cika wurin. Bayansa akwai wanda ya fi shi shan wuya kuma ya fi shi ƙarancin albashi, mai turo kwal a baro daga rumbu, ta wani lungu mai duhu, jirgi na tangaɗi, baro na neman ƙwacewa. Awa huɗu ana yi, a huta takwas, a sake dawowa, dare da rana har a isa. Jiragen sauri na wancan zamani kan cinye kwal tan 200 ko fiye a yini ɗaya, kuma kowane tan da hannun mutum ya shiga wuta. Zafin kan sa wasu su suma, wasu hankalinsu ya gushe, har kashe kai a tsakanin 'yan ɗakin wuta ya zama abin magana a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. Da ɗan Jamus ya fara tsada da yawan ƙorafi, kamfanonin ƙasar suka koma ɗaukar 'yan Sin a wasu hanyoyinsu, don sun fi araha. A riƙe wannan, domin ita ce dabarar da ake amfani da ita har gobe.

Kada a ce na zalunci Ballin. Bayan annobar kwalara ta 1892, wadda ta kashe mutum sama da 8,000 a Hamburg, aka ɗora wa masu ƙaura daga Rasha laifi, ko da yake ruwan kogin da birnin ke sha ba tare da tacewa ba shi ya yaɗa cutar. Aka rufe iyaka, Amurka ta sa wa jiragen masu ƙaura killacewar kwana 20, cinikin kamfanin ya faɗi warwas. Ballin ya tashi tsaye, aka kafa wuraren duba lafiya a iyakar gabas, daga baya a 1901 ya gina wa masu ƙaura masauki a unguwar Veddel, da ɗakunan kwana da wurin wanka da coci da wurin ibadar Yahudawa da abincin da ya dace da addininsu. A ma'aunin zamaninsa wannan ci gaba ne na gaske. Amma me ya sa shi? Ya ga da idonsa cewa in na ƙasa suka daina zuwa, na sama ma babu su. Kuma bambancin bai gushe ba: in jirgi ya isa New York, 'yan ajin farko da na biyu a cikin jirgi ake ɗan duba su, su kama gabansu, na ƙasa kuwa sai an kwashe su zuwa tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi, a ɗaga musu fatar ido ana neman cuta.

Shi Augusta Victoria bai tsufa a wannan aiki ba. A 1904 aka sayar wa Rasha, wadda ke yaƙi da Japan, aka ɗora masa bindigogi aka kira shi Kuban, a 1907 aka daddatsa shi a Stettin, garin da aka ƙera shi. Kafin nan kamfanin ya riga ya ƙera Prinzessin Victoria Luise a 1900, jirgi na farko da aka yi musamman don shaƙatawa, wanda ya hau duwatsu a gaɓar Jamaika a ƙarshen 1906. Ballin kansa ya mutu ranar 9 ga Nuwamba, 1918, ranar da aka sanar da saukar sarkin da ya raka jirginsa, kuma yarjejeniyar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta kwashe kusan duk manyan jiragen kamfanin.

Abin da ya biyo baya maimaici ne. Duk lokacin da ainihin aikin jirgin fasinja ya ƙare, sai a shafa masa farin fenti a tura shi yawo. Amurka ta taƙaita shigar baƙi da dokokin 1921 da 1924, sai kamfanoni suka gyara ɗakunan masu ƙaura suka sayar wa ɗalibai da malamai masu yawon buɗe ido. Jirgin sama mai injin jet ya fara tsallaka Atlantika da fasinja a 1958, sai sauran manyan jiragen suka nufi tsibiran Karibiyan. Kamfanin Carnival, wanda ya fi kowa girma a yau, da tsohon jirgin fasinja ya fara a 1972, Empress of Canada, aka sauya masa suna Mardi Gras, kuma ya kafe a rairayi a tafiyarsa ta farko daga Miami. Mu ma muna da rabonmu a wannan tarihi. Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta kai ɗalibai da ma'aikatan Najeriya tsakanin Legas da Liverpool tun 1951, bai samu farin fentin yawo ba. A 1974 aka sayar wa wani attajirin Girka, ya koma masaukin ma'aikata a Jidda. Kuma a 1959 ma'aikata 'yan Najeriya na wani jirgin kamfanin, Apapa, suka ajiye aiki a Liverpool kan wariyar da ake nuna musu. Wato zancen ƙasan jirgi ba baƙo ba ne a wurinmu.

Yanzu babu shebur, babu tanderu. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, ya ninka Augusta Victoria girma fiye da sau 30, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata sama da 2,000. Ɗakin wuta ya koma ɗakin wanki da kicin da lungun masu gyaran gado. Mutanen ciki yawancinsu daga Filipin da Indunusiya da Indiya suke, a kan kwantiragin wata shida zuwa tara, galibi babu ranar hutu ko ɗaya, sai dai awannin hutu. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta hutun awa 77 a mako. A cire 77 daga awa 168 da ke cikin mako, saura 91. Wato doka ta yarda mutum ya yi aikin awa 91 a mako, kuma wannan ita ce dokar da ake alfahari da ita.

Ga kuma batun tuta. Manyan kamfanonin jiragen shaƙatawa uku duk a Miami ofisoshinsu suke, fasinjojinsu mafi yawa Amurkawa ne, amma Carnival a Fanama aka yi masa rajista, Royal Caribbean a Laberiya, Norwegian a Bamuda, jiragen kuma na ɗaga tutar Bahamas ko Fanama ko Malta. Amfanin haka a bayyane yake: harajin riba ɗan kaɗan, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka ba ta hau kansu ba. Ballin aƙalla tutar ƙasarsa ya ɗaga, in 'yan ƙwadago sun yi bore a Hamburg yana jin zafinsa. Na yau sun gano yadda za a ci ribar ƙasa ba tare da an zama ɗan ƙasa ba. A 2017 kotun Amurka ta ci tarar kamfanin jiragen shaƙatawa na Princess Cruises dala miliyan 40 saboda zubar da dagwalon mai a teku ta ɓoyayyen bututu, abin da aka daɗe ana yi kafin wani injiniya ya tona. Da korona ta zo a 2020, aka sauke fasinjoji aka mai da su gida, dubban ma'aikata kuwa suka yi watanni a maƙale a teku, ƙasar tuta ba ta san da su ba, ƙasar tasha ta hana su sauka.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce wa ya tilasta su? Mai gyaran ɗaki a jirgi na samun abin da ba zai samu a Manila ko Bali ba, yana gina gida, yana biyan kuɗin makarantar ƙannensa, da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne, kuma duk mai cewa a rushe sana'ar gaba ɗaya bai yi shawara da waɗannan mutane ba. Ni ma ban ga laifin wanda ya tara kuɗinsa ya je ya ga duniya ba. Amma ai haka aka faɗa wa mai turo kwal a 1891, cewa ya fi zaman ƙauye. Talaucin mutum na bayyana dalilin da ya sa ya karɓi aikin, ba ya halatta wa mai jirgi komai. Kuma duk gyaran da aka samu a teku, ba kyautar kamfani ba ce. Ma'aikatan tashar Hamburg sun yi yajin aikin mako 11 daga ƙarshen 1896, aka murƙushe su, amma ƙungiyoyinsu suka ƙara ƙarfi. Isassun kwale-kwalen ceto sai da Titanic ya nutse a 1912 aka wajabta su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai a wannan sana'a sai an riƙe wa mai askin hannu.

Wa zai riƙe? Ba ƙasar tuta ba, ita kuɗin rajista take nema. Fasinja ma ba zai yi ba, shi hutu ya zo. Tasha ce kaɗai ke da wuƙa da nama, domin jirgi komai girmansa sai ya jingina. Italiya ta nuna haka a Agustan 2021, da ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice bayan shekaru mazauna na kuka kan igiyar ruwa da ke cin tushen gidajensu. Girka ta sa harajin yuro 20 kan kowane fasinja da ya sauka a tsibirin Santorini ko Mykonos a tsakiyar bazara. An yi ta tsoratar da su cewa jirage za su gudu, amma mai sayar da yawon Bahar Rum ba shi da wata Santorini a aljihu. Abin da nake so shi ne wannan ƙarfin hali ya wuce kare tsoffin gine-gine da tara kuɗin shiga, ya kai ga mutanen ƙasan jirgi. Jami'in tasha na da ikon shiga jirgi ya duba takardar awannin aiki da ta albashi, ya tsare jirgin in ya ga saɓa doka mai tsanani. Ranar da aka tsare jirgi mai fasinja dubu biyar kwana biyu saboda an yi ƙarya a takardar hutun masu wanki, za a ga gyara cikin wata guda.

Yankinmu na da irin wannan tsari, yarjejeniyar Abuja ta 1999 kan binciken jirage a tashoshin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar ƙwadagon teku a 2013. Jiragen shaƙatawa ba su cika zuwa gaɓarmu ba, don haka inda abin ya fi shafar mu shi ne wajen ɗaukar ma'aikata. Tallan aikin jirgin ruwa ya cika Facebook da WhatsApp, da hoton farin jirgi da alkawarin albashi da dala, sai a tura kuɗin fom. Matashin da ke shirin sayar da babur ko gonar gado ya kamata ya san cewa yarjejeniyar ƙwadagon teku ta haramta karɓar kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikacin teku. Abin da ke kansa shi ne fasfo da littafin shaidar aikin teku da takardar likita, biza ma mai jirgi ne zai biya, haka kuɗin dawo da shi gida in kwantiragi ya ƙare. Hukumar NIMASA ce ke da alhakin ba dillalan irin wannan aiki lasisi, kuma ya kamata sunayen masu lasisin su kasance inda kowa zai gani, da harsunan da matasan ke ji, a riƙa faɗa a rediyo, ba sai mutum ya je Legas ba.